Ƙusa da Gashin Kaza

A ɗakin gwaje-gwajen makaranta malamar kimiyya ta fara ganinsa, durƙushe gaban famfon zuƙe iska yana tari ƙasa-ƙasa. Bakanike ne, an kira shi ya gyara mata bututun gilashin da take koyarwa da shi, mai ƙusa da gashin kaza a ciki.

Da ya toshe inda ke yoyo, ta zuƙe iskar ta kifa bututun. Ƙusa da gashin suka sauko tare. Ta yi masa bayani cewa ƙasa daidai take jan komai, iska ce ke tallafe marar nauyi. Ko balan-balan, in babu iska, faɗuwa zai yi. Ya saurara kamar ɗalibi, amma ba bututun yake kallo ba. Tun daga ranar, famfon ya riƙa samun matsalar da bakaniken kaɗai ke ganinta.

Kafin a yi hutu, har ya fara kiranta Tsuntsuwata. Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta Umma ta ƙi sam. Ga ɗan ƙanwarta mai kantin magani, lafiyayye, me za a yi da wanda ake jin tarinsa kafin sallamarsa?

Wata rana, washegarin ranar da ya duba mata bututun, ta kifa shi a gaban aji. Ƙusa ta faɗi, gashin ya tsaya yanga. Yara suka fashe da dariya. Ta tura masa saƙo: "In ka gaji da ni ka faɗa, ba sai ka kunyata ni ba."

Ya amsa: "Ki bi maganar Umma, Tsuntsuwata." Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ta sha kuka kamar ranta zai fita.

Ƙanwarsa ce ta zo ta fasa maganar. Hayaƙin walda ya cinye masa huhu. Ranar da ya duba bututun numfashi ya gagare shi kafin ya ɗaure notin ƙarshe, kunya ta hana shi faɗa. Likita ma ba ya sa rai.

Ta ɗauki bututun da famfon ta nufi asibiti, Umma na bin ta don ta dawo da ita gida. Yana kwance da robar iska a hanci.

"Ba ni da abin da zan ba ki," ya ce. "Numfashin ma na aro ne."

"Nuna min inda zan ɗaure."

Ya nuna da yatsa. Ta ɗaure notin, ta zuƙe iskar, ta kifa. Suka sauko tare, ya yi murmushi.

Umma ta ce daga bakin ƙofa, "Takaba za ki yi, 'yar nan."

"Na sani, Umma. So nake ya zama ni ce mai yin ta."

An ɗaura auren, ango yana kan gadon asibiti. Umma ta zo da kanta, ta haɗa hannayensu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, komai gajartarsa."