Kunyar Da Ta Hana Buɗe Bonet

Duk faɗin unguwar Congo-Russia babu motar da ke shan wanka kamar ta Musaddiq, babu kuma wadda ta kai ta zaman wuri ɗaya. Kullum da safe, cikin sanyin nan na Jos mai ratsa ƙashi, zai fito da bokiti ya wanke ta tas, sannan ya koma gefe ya zuba mata ido kamar mai jinya.

Matarsa Kausar ta leƙo daga kicin, hannu ɗaya riƙe da ludayi, ɗayan dafe da cikinta da ya fara turo riga.

"Habibi, wai wankan ne zai tashe ta? Zo ka sha kunu tun bai huce ba."

Ko murmushi bai yi ba. Shi kuwa Musaddiq mutum ne mai fara'a da sakin zuciya. Ranar da ya fara zuwa zance wurinta, tun kafin ya zauna ya ce, "Kada ƙyallin takalmin nan ya ruɗe ki, na aro ne. Ni direban keke ne." Ta yi dariya har da ƙwalla, kuma a ranar ta san ta samu miji. Ta ce wanda bai ɓoye takalmi ba, ba zai ɓoye komai ba.

Motar nan ce ta zo ta sauya shi. Da ciki ya bayyana, sai ya sayar da kekensa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, don ya sayi motar haya. Wa za a nema in ba Yaya Badruddeen ba, yayan Kausar uwa ɗaya uba ɗaya, babban dillalin motoci mai gida a Rayfield? Abokai suka ce ya tafi da makanike. Musaddiq ya riƙe baki.

"Ni? In buɗe bonet a gaban yayan matata? Ai kamar na kira shi ɓarawo ke nan!"

Haka ya je kansa a sunkuye, ko tayi bai yi ba. Yaya Badar ya buga bayan motar ya ce, "Wannan ko ruwa ba ta sha, ƙanena. Don kai ne na ajiye ta." Suka zaga gari da sanyin safiya, mota lafiya lau. To, a sanyin Jos wace mota ce ba waliyyiya ba?

Asiri bai tonu ba sai da suka je Lafiya gaida mahaifiyar Musaddiq. A dawowa, rana tsaka, suna tsakiyar Hawan Kibo, sai tururi ya turnuƙe gaban motar, inji ya mutu, ta fara ja da baya ga tirela na tafe. Da ƙyar ya karkatar da ita gefe. Kausar ta wuni a bakin dutse tana amai. Makaniken da ya duba ya ce kan injin a fashe yake tun tuni, liƙe shi aka yi da gam, an kuma tsinke wayar allurar da ke nuna zafi don kada ta tona.

Da maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Hajiya Kubra, mahaifiyar Kausar, ta tara su a falonta na Jos Jarawa. Yaya Badar ya harɗe bisa kujera yana kaɗa makulli.

"Umma, ni ban ga abin tayar da hankali ba. Bizines ne. Ni ma haka na saye ta. Amma tunda gida ne, no wahala, ya bar mini ita in sake lallaɓa ta. Akwai wata nas maƙwabciyarsu, Firisila, tana neman mota. Mu miƙa mata, shi ya karɓi kuɗinsa, magana ta mutu."

"Alhamdu lillahi!" in ji Hajiya. "Ka ga an rufa wa juna asiri. Allah ya yi maka albarka."

Kausar ta juya ta dubi mijinta, tana jiran ya ce a'a. Musaddiq ya sunkuyar da kai, ya murza tabarma da yatsa, ya ce, "To, Yaya. Na gode."

Cutar da yayanta ya yi musu ta yi mata ciwo, amma wannan "to" ɗin ta fi ta zafi nesa ba kusa ba.

Suna shiga gida ta tare shi. "Habibi, Anti Firisila fa! Matar da ke zuwa auna ni kyauta? Mijinta ya rasu, a Akwanga 'ya'yanta ke makaranta, wannan hawan za ta riƙa bi!"

"To ya kike so in yi?" ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. "Keke ya tafi! Haihuwa na tafe! Yayanki ne ya cuce ni, mahaifiyata har cewa take da ke aka haɗa baki, na danne. Yanzu an samu mafita kuma ki ce me?"

"Mafita ce ka cire ƙaya daga ƙafarka ka dasa a hanyar wani?"

"Abeg, ki ƙyale ni!"

Ranar Asabar aka gama kwalliya. Mota ta tashi tana gurnani mai daɗi, Yaya Badar ya zo da Firisila ƙofar gidan. Baiwar Allah sai zaga motar take tana washe baki. Ya buga bayan motar ya ce, "Madam, wannan ko ruwa ba ta sha."

Kausar na tsaye a zaure tana jin komai. Kalmomin nan dai, ko wasali bai canza ba! Ba ta san lokacin da ta fito ba.

"Anti, kada ki saya! Injin a fashe yake, gam aka sa. Ita ce ta kusa kashe mu a Hawan Kibo."

Firisila ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Ta dubi Musaddiq, ya kasa haɗa ido da ita. Ta saɓa jakarta ta wuce. Yaya Badar ya nuna ƙanwarsa da makulli.

"Ke! Ni za ki tozarta a titi? Daga yau ba ni ba ke!"

Kafin la'asar Hajiya ta kira. "Kausar, nonon da kika sha shi ya sha. Tunda bare ta fi miki ɗan'uwanki, kada in ƙara ganin ƙafarki a gidana." Ƙit, ta kashe waya.

Musaddiq kuwa bai zage ta ba, bai kore ta ba. Shiru ya ɗauka, wanda ya fi duka ciwo. Ta dafa ya ƙi ci, ta gaishe shi ya amsa a maƙoshi. Kausar ta zama ba gidan uwa, ba fuskar miji. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta fasa girki ba, ba ta kuma fasa tura wa Umma gaisuwar Juma'a ba, ko da ba a amsawa.

Ana nan sai ga Firisila da ledar dankalin Turawa.

"Sista, kin cece ni fa. Amma ku ma kada ku zauna haka. Akwai ofis na masu kare haƙƙin mai saye. Ni na taɓa kai wani da ya sayar mini da firji mai matsala, an zaunar da mu, an sasanta. Oga ya je ya kai ƙorafi, ni zan tsaya shaida."

Da Musaddiq ya dawo, Kausar ta durƙusa gabansa ta faɗa masa. Ya yi wata dariya mai ɗaci.

"In kai ƙarar surukina? Duniya ta ce me?"

"Duniya me ta ce ranar da na wuni a bakin dutse?" Hawaye ya ɓalle mata. "Habibi, ni ba kuɗin nake wa kuka ba. Ko gari za mu sha, mu sha. Mijina nake nema, wanda ya ce mini takalminsa na aro ne. Tun ranar da ka ce wa Yaya 'to' ban sake ganinsa ba. Ka ji kunyar buɗe bonet a gaban mutum, amma ba ka ji kunyar Allah ba da za a cuci uwar marayu a ƙofar gidanka?"

Maganar ta shige shi. Can ya jawo kwanon tuwon da ya yi kwanaki yana ƙi, ya buɗe, ya ce a hankali, "Sori, Kausar. Miƙo mini ruwan wanke hannu."

Washegari ya je ya kai ƙorafin. Ranar zama, Hajiya da kanta ta zo ofishin, da niyyar roƙon a kashe maganar. Jami'ar da ke sauraro, wata dattijuwa mai tabarau, ta ba Yaya Badar dama.

"Madam, a harkarmu ka gani ka saya ne," ya ce yana gyara hula. "Tsohuwar mota ce, kowa ya sani. Na hana shi dubawa? Shi ya ƙi zuwa da makanike. Sakacinsa ne."

Musaddiq ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Girmamawar da ya yi, ita ce yau ake kira sakaci! Karo na farko tun da ya auri Kausar, ya ɗago ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Yaya, ban duba ba don na ɗauke ka uba. Na yi kuskure. Na kuma yi wanda ya fi shi, da na yarda a miƙa wa baiwar Allah nan. Anti, ki yafe mini. Amma wayar allura ba tsufa ne ya tsinke ta ba."

Firisila ta ba da shaida cewa bayan da motar ta lalace, ita ma an ce mata ko ruwa ba ta sha. Jami'ar ta ce za a iya tura motar a bincika wane gareji ya yi liƙin farko, da wanda ya kai ta. Nan Yaya Badar ya fara share gumi, a garin Jos kuwa, ga fanka na juyawa.

"To... na san tana ɗan zafi. Amma a cikin gari ai ba za ta nuna ba. Na zaci a gari zai riƙa haya."

Kausar ta miƙe. "Yaya, ranar da za mu Lafiya, ba gidanka muka biya muka yi maka sallama ba? Ka ga cikina. Ka san za mu hau Hawan Kibo. Ka ɗaga mana hannu ka ce Allah ya kiyaye hanya!"

Hajiya ta juya a hankali ta dubi ɗanta.

"Badar... ka sani? Ka ce mini kai ma cutar ka aka yi!" Ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! 'Yata da jikana ka sa a ciki, ni kuma na kori mai gaskiya don in rufa maka asiri!"

Jami'ar ta bari kukan ya lafa, sannan ta ce, "Malam, ba wanda ya hana tsohuwar mota tsufa. Da ka faɗi aibinta ya saya a haka, da babu ruwanmu. Amma aibin da aka sani aka ɓoye, mai saye na da haƙƙin mayar da kaya. Ko ka karɓi motarka ka mayar masa da kuɗinsa, ko magana ta wuce gaba."

Yaya Badar bai bari ta wuce gaba ba, ya karɓi motarsa ya mayar da kuɗin. A bakin ofis Hajiya ta rungume Kausar tana cewa, "Ki yafe mini, 'yar albarka." Kausar ta ce, "Umma, ai ban taɓa riƙe ki ba."

Musaddiq ya koma kan keke, bai ji kunyar kowa ba. Allah ya sauki Kausar lafiya a hannun Anti Firisila, aka samu 'ya mace. Yaya Badar bai zo suna ba, kunya ta hana shi, amma Kausar ba ta daina aika masa gaisuwa ba.

Yarinya ta fara tafiya lokacin da Musaddiq ya sake tara abin sayen mota. Ranar da zai fita nema, sai ga sallama a ƙofar gida. Yaya Badar ne, ya rame, babu kaɗa makulli, ga wata 'yar mota a bayansa. Ya zagaya ya ɗaga bonet da hannunsa.

"Ƙanena, tayar baya ta kusa ƙarewa, gilashin hagu yana cijewa. Sauran kira makanikenka ya duba. In ya gama, mu je Hawan Kibo, ni zan zauna a gaba."

Kausar ta juya ta share ƙwalla da gefen mayafi, ta shige ɗora ruwan shayi.

'Yan'uwa, kunya ado ce, amma ba a ciniki da ido rufe don ana jin nauyin mai kaya. Dubawa ba zargi ba ne, neman haƙƙi kuma ba yanke zumunci ba ne. Abin da ke yanke zumunci shi ne algus, da rufin asirin da ake yi da haƙƙin wani. Kausar ta faɗi gaskiya ta rasa kowa na ɗan lokaci, ta yi haƙuri, Allah ya dawo mata da uwa, da yaya, da mijin nan nata mai takalmin aro.