Ƙarshen da Inna Ba Ta Rubuta Ba

Ranar da aka fara nuna fim ɗin a wani ɗakin taro a Gusau, na fi kowa tafi. Bashar yana tsaye bakin ƙofa yana ta share gumi, har na ƙaraso na ce masa, "Ka yi ƙoƙari, masoyina. Da Inna tana raye da ta yi alfahari da kai."

Inna, mahaifiyata Uwani, ita ta rubuta littafin, Sawu a Gonar Gero, tun ina goye. Shekara biyu da rasuwarta Bashar ya zo gidanmu a Tsafe neman izinin mayar da shi fim. Baba ya ce ni na fi sanin takardunta, ya yi magana da ni. Daga zancen littafi muka zarce zancen kanmu, kafin a gama ɗaukar fim har an sa mana rana bayan babbar salla.

A littafin, an tsinci gawar wani manomi a gonarsa lokacin girbi, gari ya ɗora wa amininsa laifin saboda sun yi cacar baki a kan iyakar gona. Inna ba ta nuna jini ko sau ɗaya ba. Wanda ake zargin ta yi ta bi shafi bayan shafi: yadda ake watsewa idan ya zauna a majalisa, yadda matarsa ta daina zuwa rijiya sai rana ta take. A babin ƙarshe ɗan sanda ya gano wani baƙo mai sayen hatsi ne ya yi kisan, aka wanke aminin a gaban jama'a.

Fim ɗin Bashar kuwa sauri gare shi, ga duhu. Babi shida na wahalar aminin ya dunƙule su a fitowa ɗaya, ya nuna lauje, ya nuna jini. Sannan a minti goma na ƙarshe ya juya komai: bayan an tafi da baƙon, sai ga aminin yana tono laujen daga ƙarƙashin rumbu yana murmushi. Bashar ya ce masu kallo na yanzu sun waye, tun a tsakiya za su gane baƙon ne. Ya tambaye ni kafin ya ɗauka. Na amince, har na ce wannan ya fi na littafin kama jiki.

Kwana tara da sakin fim ɗin, Iya, kakata mahaifiyar Inna, ta aiko in zo Rawayya. Na bi ta Bungudu na isa da azahar. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Mi kunka yi ma Gambo, ɗiyar Uwani?"

Kawu Gambo yayan Inna ne, mutum marar magana, wanda duk kaka yake aiko mana da gyaɗa. Ban gane inda ta dosa ba, sai da ta zaunar da ni. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce an kashe amininsa Shehu a gona. Kawu ya yi wata takwas a tsare, aka sake shi don babu hujja, kuma har yau ba a san wanda ya yi ba. Baƙon nan mai sayen hatsi Inna ce ta ƙirƙire shi, don ta ba yayanta wankewar da duniya ta hana shi. Duk Rawayya an san da wa littafin yake. Mu 'ya'yanta ne kawai Inna ta hana a faɗa wa, kada mu taso muna kallonsa da wani ido.

Yanzu fim ɗin yana cikin kowace waya. Ana ta cewa ai ga shi dangin Gambo da kansu sun fito da gaskiya. 'Ya'yan Shehu sun zo ƙofar gida sun yi maganganu. Ranar Juma'a a masallaci wanda ke kusa da Kawu a sahu ya janye ƙafarsa ya canza wuri. Da Kawu ya dawo gida ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

A ranar na sanar da Bashar, ya sauke fim ɗin daga intanet, amma masu tura finafinai sun riga sun raba shi har Bilbis da Kucheri. Ya yi bayani a bidiyo cewa ƙarshen nasa ne, ba na marubuciya ba. Waɗanda suka kalli bayanin ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Washegari ya zo da kansa, ya durƙusa a gaban tabarmar Kawu, yana neman gafara.

Kawu ya kalle shi, sannan ya nuna mini akwatinsa da hannun hagu. A ƙasan tufafi na sami littafin a naɗe cikin leda, sabo kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Ajami kawai ya iya. Inna ta ba shi da hannunta, shi kuwa tsoro ya hana shi sa kowa ya karanta masa, don bai san abin da ta faɗa a kansa ba.

Na karanta masa babin ƙarshe. Da na zo inda mai gari ya kama hannun aminin ya ce a yafe musu, hawaye suka gangara ta gefen fuskar Kawu har cikin kunnensa.

"Ashe... Uwani ta yarda da ni," ya ce da kyar.

Ya ce wa Bashar ya tashi, ya yafe masa, bai sani ba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya rasu. Mutanen da suka bi gawarsa ba su cika sahu biyu ba.

Baba bai hana auren ba, ya ce zaɓi nawa ne. Iya ma ba ta hana ba. Ta ce dai ita ba za ta iya zama a gidan bikin ba, kuma kada in kawo mata shi ya gaishe ta.

Bayan sadakar arba'in Bashar ya zo Tsafe da la'asar. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Ya ce zai bar harkar fim, zai sake ɗaukar ƙarshen yadda Inna ta rubuta, zai jira ni ko shekara nawa ne.

"Shafa'atu, rabin raina, shi da kansa ya yafe mini..."

"Na sani. Ba kai nake kasa yafe wa ba, Bashar. Kai baƙo ne, ba ka san shi ba. Ni na ci gyaɗarsa shekara ashirin, kuma ni na ce ƙarshenka ya fi. Duk ranar da na kalle ka, tafin nan nake ji."

"To ki ce ba kya sona, in tafi."

Ya jira in faɗa har aka kira magariba, sannan ya sa takalminsa.

Da safe ƙannen Baba suka ɗora akwatunan lefe a mota suka nufi Gusau don mayar wa su Bashar. Ni kuwa na haɗa kayana na koma Rawayya wurin Iya, don yanzu ba ta da mai ɗebo mata ruwa.