Ƙafar da Sauro Ya Ƙi

Aikinsa a cibiyar binciken zazzaɓi shi ne ya kwana zaune, wando a naɗe, yana kama sauron da ya sauka a ƙwaurinsa. Da yayansa suke yi, amma yau yayan yana kwance a asibiti.

Can cikin dare sai ga yayan ya ja kujera, ya naɗe wando.

"Yaya, an sallame ka?"

"Kwanciya ta ishe ni. Haska mini, rago."

Ya haska tocila. Sauro ya rufe ƙafar ƙanen, ta yayan kuwa ko ɗaya bai taɓa ba. Likitar cibiyar ta sha gaya musu cewa ɗumin jiki da numfashi sauro yake bi.

Ya kashe tocilar, ya kasa kunne. Numfashin mutum ɗaya ya ji.