Faifan Alhaji Usman

A ƙarshen daminar 1998 Atika ta fara shiga shagon Mubarak, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Madarumfa. Ta kwance ƙullin gyalenta ta fito da faifan CD na karatun Alƙur'ani, wanda mahaifinta Alhaji Usman ya zo da shi daga Makka kafin rasuwarsa.

"Yana ta tsalle," ta ce. "Kullum da safe Inna shi take saurare. Ko zai gyaru?"

Mubarak ya ɗaga shi ga haske. "Ƙarzuwar ba ta yi zurfi ba. Zauna."

Ya wanke shi da ruwa mai tsabta, ya ɗiga man goge baki a auduga, ya riƙa shafawa a hankali daga tsakiya zuwa baki. Ya ɗauraye, ya tsane, ya saka a rediyo. Karatu ya zubo ba gargada. Atika ta rufe fuska tana kuka, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Tun daga ranar ya fara zuwa zance gidansu. Yana ce mata Tauraruwa, tana ce masa Malam Gwani. Mahaifiyarta Hajiya Ɗelu ce kawai ba ta so.

"Mai shagon kiɗe-kiɗe?" in ji ta. "Ga Garba ɗan duwan, mai aikin kwastan a garin Ɗan Issa, yana ta aiko magabatansa."

"Inna, ni dai Mubarak nake so."

Bayan wata biyu, wata safiya faifan ya ƙi tashi gaba ɗaya. Fuskarsa ta yi fari, ta dushe. Hajiya ta ce man da Mubarak ya shafa ne ya cinye shi sannu a hankali. Atika ta yarda, don uwa ce ta faɗa. Ta rubuta masa takarda:

"Mubarak, abu ɗaya Baba ya bar mana, na ba ka amanarsa ka kashe shi. Kada ka ƙara zuwa. Atika."

Ya zo sau uku, ba ta fito ba. Sai ya aiko da tasa:

"Tauraruwa, wallahi man ba ya cin faifai. Amma ba zan ƙaryata Inna ba. Na koma Maraɗi. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ya rufe shago ya tafi. Atika ta ƙi Garba, ta ƙi abinci, ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta. Idan ta je tabki sayen kifi, sai ta zaga ta bayan kasuwa don kada ta ga ƙofar nan a kulle.

Wata biyar aka yi haka. Wata rana da la'asar Hajiya ta same ta zaune gaban tuwon da ya huce, ta zauna kusa da ita.

"Atika, ni ce. Miya ce ta zuba a kan faifan, na goge shi da toka da soso kamar kwano. Kunya ta hana ni faɗi, kuma na ga hanyar raba ku. Ki gafarce ni."

Atika ta kwantar da kai a cinyar uwar, suka yi kuka tare.

Hajiya da kanta ta hau mota zuwa Maraɗi. Da ta fara ba shi haƙuri, Mubarak ya durƙusa.

"Inna, ki daina. Tana lafiya?"

"Ba ta lafiya, ɗana. Tashi mu tafi."

Bayan Sallar Layya aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Hajiya ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Na zalunce ku, kun yafe. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku haƙurin da kuka yi mini."

Duk ɗakin aka amsa da amin.