Auta da Kwamfuta Mai Cin Batir

Auta yarinya ce mai ƙoƙari, amma ba ta da haƙuri ko kaɗan. In ta danna abu, so take ya buɗe tun kafin ta ɗauke yatsa.

Ran nan Kawu, mai gyaran kwamfuta, ya kawo musu kwamfutoci biyu masu araha, baƙa da fara. Baba zai sayi ɗaya don aikin makarantar Auta.

"Farashinsu kusan ɗaya ne," in ji Kawu. "Kowace tana da ƙwaƙwalwa mai sashe biyu, wato tana iya aiki biyu a lokaci guda. Sai dai ƙwaƙwalwar baƙar ta fi gudu, ta kuma fi cin batir. Ta farar a hankali take, amma tana riƙe caji."

"To, mu gwada da kanmu," in ji Baba.

Ya cika su da caji, ya zare wayoyinsu, ya kunna musu bidiyo iri ɗaya. Ya ce Auta ta sa ido ta ga wadda za ta fara mutuwa.

Ita kuwa tuni ta gwada wasan tseren mota a kansu. Baƙar kamar walƙiya. Farar sai da ta sa ta jan tsaki.

"Wannan kwamfuta ce ko kunkuru?" ta ce a ranta.

Baba na fita, ta jona baƙar a caji ta bayan kujera. Da ta ji ƙarar babur ɗinsa ya dawo, sai ta yi maza ta zare. Farar ta mutu, baƙar na nan da ranta.

"Anya kuwa?" in ji Kawu da ya ji labari. Amma haka aka sayi baƙar.

Ranar Alhamis Auta za ta nuna wa 'yan aji hotunan da ta haɗa a kan yadda shuka ke girma. Soket ɗin ajin ya lalace, kuma ita ce ta ƙarshe a layi. Tana cikin bayani, allon kwamfutar ya yi baƙi ƙirin. Aji ya fashe da dariya.

"Ba ki yi caji ba ne?" Malama ta tambaye ta.

"Na yi, Malama."

"To, sai mako mai zuwa. Dama ɗaya ta rage miki."

Haushi kamar ya kashe ta. Tana isa gida ta jefar da jaka.

"Baba, wannan kwamfutar ba ta da amfani."

"Ba ita ce ta ci gwajin batir ba?"

Auta ta sunkuyar da kai, ta faɗi abin da ta yi. Baba ya dafe goshi.

"Ke dai kin iya gajiyar da mutum. Yanzu ni kika cuta, ko kanki?"

"Kaina, Baba. Ka yi haƙuri."

Ta je da ƙafarta ta ba Kawu haƙuri. Ya yi mata faɗa sosai, sannan ya musanya mata da farar.

Da mako ya zagayo, farar ta ɗan ɓata lokaci kafin ta buɗe. Tsaki ya zo wa Auta har baki, ta haɗiye shi. Ta gama bayaninta tsaf, aka tafa mata, ga batir da saura.

Daga ranar Auta ta gane cewa abin da ya dace da buƙatarka shi ne mai kyau, ba wanda ya fi gudu ba. Kuma wanda ya yi maguɗi a gwaji, kansa ya cuta.