Fiton da Ornella Ta Hana

"Cika ni, Fausto!"

Ornella ta fizge hannunta, ta dube shi sama da ƙasa a bakin matakalar gidan waƙa na garinsu.

"Farin cikina, ki saurare ni..."

"Farin cikinka na ɗakin kwalliya tana shafa hoda. Lavinia ko? Da ita kuka yi yawon duniya da waƙata."

Ya sunkuyar da kai. Shekara bakwai ke nan da ta rubuta masa baitocin nan a takardar naɗe cuku, a shagon mahaifinta, sa'ad da ba mai sauraron muryarsa sai masu cefane. Waƙar ta ɗaga shi har ƙasashen da bai san sunansu ba. Bai taɓa ambatonta ba, bai kuma waiwayo ba.

"Na yi kuskure, Ornella. In ba za ki tafa mini ba, ki yi mini fiton raini. In san dai har yanzu ina ƙona miki rai..."

Ta yi tsaki, ta haye.

A benen ƙoli, mazaunin talakawa masu kunne, fito ɗaya kan kashe mawaƙi, kuma duk garin ba mai fito irin nata. Mahaifinta, tsoho Gaspare, ya matsa mata wuri.

"Me mai zaƙin bakin nan yake so?"

"Fito, Baba."

"Fito?" Tsohon ya taɓe baki. "Wanda ake sa ran gyaruwarsa ake yi wa fito, 'yata. Ni da na hana ki shi tun farko, ashe ban yi laifi ba."

Aka ɗaga labule. Lavinia ta miƙo masa hannu, bai karɓa ba. Ya ture makirfo gefe, ya ɗaga fuska sama, ya rera waƙar tata shi kaɗai.

Muryar ta fito tas, kamar ta da can a shago.

Ornella ta kai yatsu biyu bakinta. Numfashi ɗaya kawai, ya san tana nan...

Ta tuna shekara bakwai.

A hankali ta sauke hannunta, ta ɗauki rigar sanyinta.

"Tashi mu tafi, Baba."

Zauren ƙasa ya kaure da tafi, furanni na zubowa. Fausto bai rusuna ba. Yana tsaye idonsa a sama, yana jira, har labule ya rufe shi.