Takalman Kofur Muhyiddeen

Da hantsin Asabar Kofur Muhyiddeen ya shigo caji ofis sanye da silifas. Soja ne da ya zo hutu gida Toranke, Litinin kuma zai koma bariki.

"Ranka ya daɗe, an ɗauke min takalman aiki. In na fita fareti ba su, a gadurum, kurkukun bariki, zan kwana."

Sufeto Da'u ya bi shi har gida. Muhyiddeen ya nuna masa lungun zaure.

"Jiya na kankare musu laka da burushi, na goge da jiƙaƙƙen tsumma, na cusa jarida a ciki, na ajiye su nan a inuwa. Rana tana ƙona fata."

Sufeto ya hango baƙaƙen igiyoyi biyu a shanye.

"Waɗancan fa?"

"Na takalman ne. Daban nake wanke su."

"To ɓarawonmu ya nemi maɗauri."

Suka nufi tiredar unguwar, inda Haruna mai tireda bai ɓoye komai ba. "Kamilu, ɗan baffan sojan, ya sayi igiyar takalmi jiya da la'asar. Wai akuya zai ɗaure."

Suka tarar da Kamilu a tsakar gida yana ɗingishi.

"Me ya sami ƙafarka?" in ji Sufeto.

"Kunama ce, ranka ya daɗe."

Sufeto ya leƙa. "A duga-dugai duka biyun?"

"Biyu ne kunamun."

"Takalman yayanka fa?"

"Ban ma san kalarsu ba."

Sufeto ya dubi ƙasa. Kiyashi ya gani sun yi layi zuwa gindin rumbu. Ya bi su, ya tura hannu, ya jawo takalman. Sun sandare, sai ƙamshin man gyaɗa suke.

Kamilu ya zauna daɓas.

"Zance na je Gafasa wajen Nuriyya. Na ce mata na shiga soja. A hanyar dawowa na afka taɓo. Na wanke su da omo, na kara su a murhu, suka bushe ƙamas. Shi ne na shafa musu man Inna."

Muhyiddeen ya lanƙwasa fatar a hankali, ya sauke ajiyar zuciya. "Ba su tsage ba. Za su tashi."

Nan take ya zauna ya soma goge man, ya buɗe gwangwanin baƙin man takalmi.

Sufeto ya riƙo hannun Kamilu. "Mu je ofis. Amma gaya min, ta yarda kai soja ne?"

Kamilu ya sunkuyar da kai.

"Tana ganin takalman ta gane su. Ta ce Yaya Muhyiddeen ya fi ni iya tafiya da su. Wai in gaishe shi."

Burushi ya tsaya cak a hannun Muhyiddeen.

"Kamilu, dakata. Wane layi ne gidansu?"